Injin Hassan a Rami na Biyu

Garwa, ƙarshen Janairu 1994

Zuwa ga ƙanena Mahmudu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci, don a hoton da ka aiko wuya kawai na gani da tabarau. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Aisatu da Fadimatu suna gaishe da kawunsu. Fadimatu ta ɗan yi zazzaɓi, amma ta miƙe har ta koma lekol, makarantarsu ta boko. Ni kuwa bayana ne, in na sunkuya sai na lallashe shi kafin in ɗago. Célestin direba, mijin Berthe maƙwabciyata a fadama, zai sauko Yawunde da lodi, shi ya sa na zauna rubuta maka.

Ka san tun da na fita takaba na koma lambun albasar marigayi Hassan. Jawron fadama, mai rabon filayen wurin, ya kira ni ya ce filin ba gado ba ne, aro ne, amma in na fitar da amfanin bana zai bar mini shi in ci da yara. In kuwa ya bushe a hannuna, akwai masu jira. Na ce na ji. Ba ni da wani abu bayan wannan lambun, Mahmudu, ka san shagon ya tafi wajen jinya.

Ba ka taɓa zuwa fadamar ba, to bari in zana maka ita da baki. Da rani kogin Binuwai yana ja da baya, mu kuma lambunanmu a jere suke daga bakin ruwa zuwa tudu, mu bakwai. Kowa yana da rami a bakin lambunsa, da injin ban ruwa a kai. Na farko ya jawo daga kogi ya tura wa na biyu, na biyu ya tura wa na uku, haka har a zo kaina, ni ce ta bakwai, ta can ƙarshe. In inji ɗaya ya mutu ba a damuwa, akwai doguwar tiyo, sai a tsallake shi. Amma in biyu da ke kusa da juna suka mutu tare, tiyo ba ta kaiwa, ko ta kai ma inji ba shi da ƙarfin turawa. Daga nan duk wanda ke sama sai ya zauna kallon rami.

To, watan nan sau biyu ana yi mana haka. Injuna ukun da ke bakin ruwa na dattawa ne, na Liman, da na Alhaji Ɗanmalam baffan Hassan, da na Baba Gaston, don su suka fara sarar wurin. Injunan nan sun girmi Aisatu. Na Alhaji sai ya yi tari ya gaji kafin ya tashi, in ya tashi kuma ga hayaƙi kamar ana bandar kifi. Tun da aka karya darajar kuɗi ba mai sayen sabon ƙarfe, sai ɗaure-ɗaure da waya da robar taya. Nawa ne kaɗai sabo, wanda Hassan ya sayo daga Yola kafin ya kwanta, ga shi can zaune a kan busasshen rami yana ta sheƙi.

Albasa ta kusa fara kai. In ta sha ƙishi a wannan gaɓar, ganye kawai zan girba. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a karatun injuna, ko famfon gidanmu ba ka taɓa gyarawa ba, to ga ranarka ta zo. Ka gaya mini abin da zan yi wanda ba sai an sayi komai ba.

Na sa maka ɗan kilishi. Ka tambayi Célestin, kada ya ce ya manta.

Addarka,
Kaltumi

Yawunde, farkon Fabrairu 1994

Zuwa ga Adda Kaltumi,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata ke da yara kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Fadimatu sauƙi, ya jiƙan Hassan. Wasiƙarki ta iso, kilishi ma ya iso, ko da yake ya rame a hanya fiye da ni. Ina lafiya, sai mura. Tun da aka daina ba ɗalibai kuɗin karatu nake koya wa 'ya'yan wani ɗan kasuwa lissafi a unguwar Briketeri, in dawo a ƙafa, in zauna kan nawa aikin ido na rufewa. Ba kuka nake yi ba, labari ne.

Adda, da na karanta abin da kika zana sai da na miƙe tsaye. Shi ne ainihin abin da nake rubuta littafin kammala karatuna a kai. Wata da watanni ina neman misali a littattafan Turawa, ashe yana hannun addata. Akwai irin tsarin da ba yawan abin da ya lalace ke kashe shi ba, sai dai waɗanda suka lalace su zama maƙwabta. Kin ga dogayen ƙarafan tarho da ke kan duwatsu a hanyar Ngawundare? Kowanne yana iya tsallake na gabansa ya kai saƙo ga na gaba da shi. Haka injunan da ke tura mai a bututu. A layinku injuna huɗu za su iya mutuwa rana ɗaya, na ɗaya da na uku da na biyar da na bakwai, ruwa kuma ya iso miki. Biyu kacal za su iya yanke ku, in suna jingine da juna.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce tsohon inji yana ƙin tashi rana ɗaya cikin uku, sabo kuwa rana ɗaya cikin hamsin. Tsofaffi biyu a jere za su mutu tare rana ɗaya cikin tara, ku kuma irin wannan haɗin biyu gare ku, na ɗaya da na biyu, sannan na biyu da na uku. Amma in aka sa sabo a tsakiyar ukun nan, mutuwarsa tare da maƙwabci sai ta koma rana ɗaya cikin ɗari da hamsin. Injunan ba su canza ba, wurin zama kawai aka canza musu.

Saboda haka injin Hassan ba shi da amfani a inda yake. Bakin layi, farko ko ƙarshe, nan ake ajiye mafi rauni, don maƙwabci ɗaya ne gare shi. A ɗauko naki a sa a rami na biyu, a kai na Alhaji Ɗanmalam can ƙarshe. In ya ƙi tashi a can, injin Berthe zai turo miki ruwa kai tsaye, ba wanda zai cutu. Ba sai an sayi ko ƙusa ɗaya ba.

Abu ɗaya za ku kiyaye. Lissafina ya ɗauka kowane inji ciwon kansa ne ke kashe shi. In kuka sayi man zuwa-zuwa, na 'yan bumburutu, daga jarka ɗaya, ya zamana an garwaya shi da ruwa, duk za su kwanta tare, sabo da tsoho. Kowa ya sayi nasa a wuri daban.

In an yi sauyin, don Allah ki riƙa gaya mini wanda ya mutu da ko ruwa ya yanke. Malamina ya gaji da misalan takarda, ni ma na gaji da su.

Ƙanenki,
Mahmudu

Garwa, farkon azumi

Zuwa ga Mahmudu,

Ina gaishe ka, barka da shan ruwa. Yara lafiya. Zafi ya fara, azumi a fadama kuwa ba na cewa komai, Allah ya karɓa.

Na sami wasiƙarka. Da farko dai, ka ce injin Hassan ba shi da amfani. Na gane abin da kake nufi, ba sai ka yi mini bayani ba, amma na ajiye takardar na yi wanke-wanke kafin in iya ci gaba. Mutumin nan da ciwo a cikinsa ya hau mota zuwa Yola ya sayo shi. Ka riƙa sa wa magana riga kafin ka aiko ta.

Na yi wauta kuma, na ba Baba Gaston ya karanta ta a gaban kowa bayan la'asar, ina tsammanin in sun ji daga bakin mai ilimi za su yarda. Da aka zo kan a kai na Alhaji can ƙarshe, sai kowa ya juya ya dube shi. Alhaji ya ce, “Ni da na sari wurin nan tun kada na kwana a bakinsa, yau ɗan lekol ne daga Yawunde zai kai ni bayan mata?” Ya kaɗe riga ya tafi. Berthe ta raka ni gida tana cewa, “Kaltumi, ƙanenki yana da kai, amma bai san tsofaffi ba.”

Bayan kwana biyu sai ga Alhaji da kansa a zaurena, da dabino a leda. Ya ce ya yi tunani, yaron nan gaskiya ya faɗa, shi ya yarda a yi sauyi ko gobe. Na yi godiya, ya tafi, na zauna ina juya maganar, ba ta kwanta mini ba. Ga dalili, kuma nan nake so ka karanta a hankali.

A fadamarmu ba a rubuta takardar fili. Inji ne shaida. Inda injin mutum yake zaune, nan lambunsa yake, da haka jawro yake raba gardama tun kafin a kawo ni gidan Hassan. In na ɗauke nawa na kai rami na biyu, ba zan ci lambun Alhaji ba, kowa ya san wanda ya sare shi. Amma in nasa ya zo ya zauna a kan ramina, ni matar mamaci ce da aka ba aro. Ga kuma Malum ɗansa, an sallame shi daga aiki a Tuboro, ya dawo da mata da yara ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Ban ce Alhaji mugu ne ba. Uba ne, kuma ya iya lissafi irin nasa.

To ka ga inda nake. In ban sauya ba, albasa ta bushe, jawro ya karɓe fili. Jiya ma an yanke mu, na Liman da na Alhaji suka kwanta tare, ni da Berthe muka yi ta ɗiba da bokiti da azumi a baki. In na sauya, ban san abin da zan tarar bayan girbi ba. Ka duba lissafinka da kyau, ko akwai wata hanyar da injina zai zauna a inda yake. In babu, ka gaya mini babu, in rufe ido in yi.

Célestin bai dawo ba, zan ba wani mai fataucin goro da zai sauko kudu. Ka yi sauri da amsa.

Addarka,
Kaltumi

Yawunde, tsakiyar azumi

Adda Kaltumi,

Barka da shan ruwa, ina gaishe ki da yara. Ki yi haƙuri da gajeren rubutu, a kan bonet ɗin motar Célestin nake yi, ya biyo ta nan daga Duwala yana sauri zai hau arewa. Ina lafiya, murar ta tafi ta bar tari.

Ya ce mini ya sami labari daga gida har yanzu ba a yi sauyin ba, kuma ruwa ya sake yankewa. Adda, hankalina ya tashi. Na san abin da kike tsoro game da Alhaji, na kuma san ba ƙaramin abu ba ne a wurinki. Amma na sake bin lissafin ta kowace fuska. Da injunan da kuke da su, ba wata hanya. Muddin tsofaffi uku suna jere, kafin girbi sai an yanke ku sau da yawa, kuma zafi ƙaruwa yake yi, tsohon inji a zafi ya fi saurin kwanciya. Albasa ba za ta jira kowa ya huce ba.

Kada ki tsaya. Abin da zai biyo baya mai sauƙi ne a kan asarar amfanin gona, in Allah ya so za a manta da shi kafin sallah. Ki yi shi cikin makon nan.

Direba yana ta danna mini oda. Ki shafa mini kan yara.

Mahmudu

Garwa, goman ƙarshe na azumi

Zuwa ga ƙanena Mahmudu,

Gaisuwa da fatan tarin ya sake ka. Ka nemi citta da zuma. Mu lafiya, Aisatu ta kai azumi har yau ba ta sha ko ɗaya ba, sai fama da ɗinkin sallah da babu shi.

Amsarka ta zo. Na tambaye ka ko akwai wata hanya, ka ce babu. Na zayyana maka maganar fili tun daga tushe, ka ce abu ne mai sauƙi da za a manta kafin sallah. Ban san yadda ake manta fili ba, amma kai ne ka yi karatu. Na karanta sau biyu ko zan ga layi ɗaya da ka ɓata a kan inda zan sa yaran nan, ban gani ba. Ba komai, na ce in ka ce babu zan rufe ido, na kuwa rufe.

An yi sauyin. Kafin a ɗaga inji na tsayar da Alhaji a gaban Liman na ce, “Baffa, ina so a shaida aron wuri ne, bayan girbi kowa ya koma raminsa.” Ya yi dariya ya ce, “Haba 'yata, wa ke irin wannan magana da azumi a baki? Ai duk gida ɗaya ne.” Liman ya ce Allah ya sa albarka, aka shafa. Ka ga dai ba a ce i ba, ba a ce a'a ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗa maka ita: abinka ya yi. Tun ranar ruwa bai yanke ba. Na Liman ya kwanta, injin Hassan ya jawo daga kogi da kansa. Na Baba Gaston ya kwanta, ya tsallake shi. Akwai ranar da duka biyun suka kwanta tare, da na Alhaji a can wajena, uku ke nan, ruwa kuma yana ta zuba a lambuna ta injin Berthe. Baba Gaston ya tsaya yana kallo ya ce, “Wannan yaro, Allah ya ba shi mata mai haƙuri.” Albasa ta yi kai, wasu sun kai dunƙulen hannun Fadimatu. Ka rubuta wannan a littafinka.

Injin Alhaji ba ya tashi sai da mai lallashi, saboda haka Malum ne ke zuwa kullum ya zauna da shi a bakin ramina. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce ni bai durƙusa ba. In na makara sai in tarar ya buɗe kwalbatai ya shayar mini da rabin lambu. Ya kafa 'yar rumfa saboda rana, shekaranjiya kuma matarsa ta kawo tabarma da tulu. Duk wanda ya bi ta hanyar tudu shi yake gani, shi yake yi wa sannu da aiki. Ni kuwa rabin yinina a rami na biyu yake ƙarewa, don ban yarda kowa ya zuba wa injin Hassan mai ba.

Na gaji, Mahmudu. Ban taɓa ganin lambun nan ya yi kyau kamar bana ba, ban kuma taɓa jin tsoron kallonsa kamar bana ba.

Addarka,
Kaltumi

Yawunde, bayan ƙaramar sallah

Adda,

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Yau wasiƙunki biyu suka shigo hannuna tare, ta farkon azumi da ta ƙarshensa. Mai goron nan a Ngawundare ya yi azuminsa, sai bayan sallah ya sauko, ya miƙo mini takarda duk ta yi ja. Wallahi Adda, lokacin da na rubuta miki a kan motar Célestin ban ga maganar filin ba. Ba amsa ba ce, ban san kin yi tambaya ba. Da na ce na san abin da kike tsoro, kunyar Alhaji nake nufi, da ɓacin ransa. Shi ne na ce za a manta kafin sallah. Na zauna ina karanta kalmomina yadda kika karanta su, na rasa inda zan sa kaina.

Na koma kan lissafin ko da wata hanyar. Akwai ta musanya na Alhaji da na huɗu ko na biyar, ba ta kai wannan kyau ba, kuma ita ma injin wani za ta ɗora a filin wani. A lissafina inji lamba ce kawai, ba a tambayar ta wanda ya mallaki ramin da take kai.

Yanzu dai ga abin da nake gani. Albasarki ta kusa, ki mayar da kowane inji wurinsa tun yau, ko da za a yanke ku sau ɗaya ko biyu. Ki je wurin jawro tare da Liman da Baba Gaston kafin wani ya riga ki. Ki gaya wa Malum da daɗin baki ya cire rumfar. In wasiƙa daga gare ni za ta yi amfani, in rubuta wa jawro da Faransanci ko da Fulatanci in ce shawarata ce, aron wuri ne.

Da ina da halin hawa jirgi da na taho, amma an sa mini ranar kare littafina a wata mai zuwa, in na tashi kuma aikin Briketeri ya tafi. Ki rubuto ta hannun Célestin kaɗai.

Ƙanenki,
Mahmudu

Garwa, ƙarshen Afrilu 1994

Zuwa ga ƙanena Mahmudu,

Ina gaishe ka, ina fata ka kare littafinka lafiya. Yara lafiya. Zafin bana ya kai inda ko ƙadangare ba ya fita, amma muna nan.

Ka daina cin kanka a kan wasiƙar da ta makara. Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba, na kuma huce. Ko da ka ce kada in yi, da na yi, don albasa tana mutuwa a gabana. Abin da kawai zai bambanta shi ne da ban yi sallah ina jin haushin ƙanena ba.

Na bi shawararka. Na ce a mayar da injuna, dattawa suka ce haba, ga waɗanda suka yi dashe a makare, a bari kowa ya cire tasa. Na bari, don na Berthe na cikinsu. Na yi wa Malum maganar rumfa, ya ce to Inna, ya cire, washegari rana ta buge shi ya mayar. Kafin a gama girbi ya shuka kuɓewa a kusurwar da na fara cirewa, wai don kada ruwa ya tafi a banza.

Albasa ta yi. Duk layin ta yi, har masu sayen kudu suka zo da mota bakin fadama. Tawa ta fi ta kowa. Na sayar, na ɗinka wa yara, akwai hatsi a ɗaki.

Jawro ya zauna da mu ranar Laraba. Na tuna masa alkawarinsa. Ya ce, “Na ce in kin fitar da amfani, amfani kuwa ya fita, sannu. Amma da injin wa a kan ramin? Wa mutane suka gani yana ban ruwa?” Liman ya ce shi dai ya ji an yi magana, ya kuma sa albarka. Baba Gaston ya buɗe baki, aka ce masa maganar dangi ce. Jawro ya ce shi ba zai fara raba inji da raminsa a kaina ba, in ya fara gobe kowa zai zo da tasa. Alhaji bai ɗaga kai ba har aka tashi. A hanya ya tsayar da ni ya ce duk shekara buhun yara yana nan, jikokinsa ne. Na ce useko, na gode, Baffa. Filin na Malum ne yanzu. Ba sai ka rubuta wa kowa ba, da Faransanci ko da wani yare.

Inji kuwa an ce nawa ne, ba mai ja. In na ga dama in bar shi a rami na biyu su riƙa ba ni wani abu, in na ga dama in ɗauka. Duk suka zuba mini ido, don kowa ya shuka kayan miya na bazara, ruwan sama kuma da saura. Berthe ta fi kowa, ta cika lambunta da kuɓewa da yakuwa, kuma yanzu ita ce a sama, daga ita sai Malum.

Na yi ta juya abin a raina. Jiya da safe na ɗauki hayar amalanke na tafi. Dattawa suna zaune a inuwa, ba wanda ya tashi. Na kwance tiyo, na zo ɗagawa bayana ya ƙi. Sai ga Berthe ta sauko daga lambunta, ta ajiye fartanya, ta kama ɗaya gefen. Na ce, “Berthe, kin san abin da zai sami kuɓewarki.” Ta ce, “Na sani. Ɗaga.” Muka ɗora, ta ɗaure mini shi da ɗankwalinta don kada ya zame a gangara.

Yana zaure yanzu, na rufe shi da tabarma. Ka ce in riƙa gaya maka in ruwa ya yanke. Wannan karon kada ka tambaye ni, ba na bin hanyar fadama.

Addarka,
Kaltumi